Manhajar ofis ta ƙi hawa wayata: tambayoyin da ake ta yi min kan afdet da filashin

Tun da wuraren aiki suka fara cewa a bar guruf ɗin WhatsApp a koma manhajar ma'aikata, wasu Teams, wasu Slack, wasu Viva Engage, mu masu harkar waya da kwamfuta a nan Zariya ba mu huta ba. Daga Samaru har Tudun Wada tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in tara su waje guda in amsa, duk wanda ya sake tambayata sai in turo masa wannan kawai.

Na shiga Play Store zan sauke, ta rubuto min "Your device isn't compatible with this version". Wayar ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Kowace manhaja tana da mafi ƙarancin Android ɗin da take yarda ta hau, kuma masu ita suna ɗaga wannan ma'aunin lokaci zuwa lokaci. Ko WhatsApp ɗin da muke gani kamar ba ya ƙin kowa ai a Oktoban 2023 ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5. Manhajojin ofis sun ma fi tsanani saboda bayanan kamfani ne a ciki. Microsoft misali ta rubuta a ƙa'idarta cewa Teams tana goyon bayan nau'in Android huɗu ne na baya-bayan nan, a iPhone kuma biyu kacal. Ba wai ranar da ka faɗo daga layin za ta mutu a hannunka ba, tana iya ci gaba da buɗewa na wani lokaci, amma wata rana za ka wayi gari ta ce sai ka sabunta, ka je sabuntawa Play Store ta ce a'a.

Amma kafin ka yanke hukunci duba ƙananan abubuwa tukuna, kwanan wata da agogon wayar daidai suke? Play Store ɗin kanta sabuwa ce? Akwai sarari a sitorej? Wani lokaci matsalar ba ta wuce nan ba.

Ta ina zan san Android nawa ce a wayata?

Settings, ka gangara can ƙasa About phone, a Tecno da Infinix wani lokaci My Phone aka rubuta, za ka ga Android version da lamba a gabansa. Kar ka rikita shi da HiOS ko XOS ko One UI, waɗannan kwalliyar kamfani ce da aka ɗora a kan Android ɗin, lambarsu daban. Don ka san inda kake: Android 10 ta fito 2019, 11 a 2020, 12 a 2021, 13 a 2022, 14 a 2023, 15 a 2024, 16 kuma 2025. In ka ga 8 ko 9 to wayar nan ta sha miya.

Yaya ake yin afdet ɗin na gaskiya?

Daga cikin wayar ake yi, ba sai ka kai wa kowa ba kuma ba a biyan ko sisi. Settings, System, System update, a Samsung kuma Software update sai Download and install. Cajin ya wuce rabi, in da hali ma a bar ta a jone. Za ta sauke fayil, ta mutu ta kunna kanta, ta tsaya a kan tambarin kamfani na wasu mintoci, to a nan ne mutane suke tsorata su danne maɓallin kashewa, don Allah kar ka taɓa ta, ajiye ta ka je ka yi alwala ka dawo. Kuma in ta gama sake dubawa, domin wayar da ta daɗe ba a yi mata ba afdet ɗin a jere yake zuwa, ka gama ɗaya wani ya fito, sai ka bi su har ta ce babu saura.

Na danna, ta ce "Your system is up to date", amma har yanzu Android 10 nake gani. Ƙarya take yi?

Wannan ita ce tambayar da duk sauran suka rataya a kanta, don haka bari in ɗan tsaya. Gaskiya ta faɗa maka, amma gaskiyar kamfanin da ya ƙera ta. Google yana fitar da sabuwar Android duk shekara, sai dai ba shi ke turo ta wayarka ba. Sai kamfanin da ya yi ƙwaƙwalwar wayar, MediaTek ko Unisoc ko Qualcomm, ya gyara nasa ɓangaren, sannan Tecno ko Samsung ko Xiaomi su ɗauka su daidaita ta da kyamara da sikirin da komai na wannan samfurin, su gwada, sannan su turo. Aikin nan kuɗi yake ci, kuma wayar da aka sayar da araha ribar da ke cikinta ba ta kai a yi ta yi mata hidima shekara da shekaru ba. Shi ya sa ƙananan wayoyi da yawa da Android ɗin da suka zo da ita suke ƙarewa, iyakaci a riƙa turo musu ɗan facin tsaro na wani lokaci shi ma a daina.

To a irin waɗannan wayoyin "up to date" ma'anarsa ka karɓi na ƙarshen da za a taɓa ba ka. Ko ka danna sau ɗari ba abin da zai sauko. A ɗaya gefen kuma Google ya yi wa Pixel 8 alƙawarin shekara 7 a 2023, Samsung ma ya yi wa Galaxy S24 shekara 7 a 2024, amma kun san kuɗin waɗannan ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne.

Akwai wani kuma da ake kira Google Play system update, tun daga Android 10 aka fara shi, yana ƙarƙashin Security. Yi shi, yana da amfani, amma ba ya canza lambar Android ɗin.

To in kai ta PZ a yi mata filashin mana? Wani ya ce min za a iya ɗora mata sabuwa.

Filashin gaskiya ne, kuma masu gyara na ƙwarai suna nan a PZ da Sabon Gari da Samaru, amma ka fahimci me ake yi. In wayar MediaTek ce mai gyara zai buɗe SP Flash Tool a laftof, ya loda fayil ɗin sofwayar wayar, ya kashe wayar ya soka kebul, sai ka ga wani layi ja ya gudu a ƙasan sikirin, sannan rawaya ya fara tafiya a hankali, in an yi sa'a a ƙarshe wani koren maki ya fito. Samsung kuma Odin ake amfani da shi, Unisoc nata kayan aikin daban. To fayil ɗin nan da ya loda daga ina ya fito? Na kamfanin ne dai, wanda aka yi wa wannan samfurin. In kamfani a Android 10 ya tsaya, fayil ɗin ma 10 ne. Za a goge maka komai a sake zuba maka abin da kake da shi tun farko, ka biya kuɗi ka hau keke napep ka koma gida, Play Store ta sake faɗa maka maganar ɗazu. Kamar ka sake yi wa tsohon ɗaki fenti ne kana jiran ya ƙara faɗi.

Inda filashin yake da amfani shi ne wayar da ta maƙale a kan tambari, ko wadda kamfani ya fitar mata da sabuwar sofwaya amma saboda wani dalili ba ta iso ta cikin wayar ba. Wannan na biyun yana faruwa, musamman a Samsung, kuma a nan kam Odin yana fitar da mutum kunya.

In har za a yi, ga abin da za ka tsaya a kai ko da mai gyaran zai ji haushi. Lambar samfurin ta zama daidai harafi da harafi, domin Infinix Hot 10 kaɗai akwai X682B akwai X682C, suna ɗaya amma ba a yi musu kuɗin goro. Sannan a SP Flash Tool akwai wani zaɓi Format All + Download, in aka danna shi ba a ajiye bayanan wayar ba IMEI, wato lambar shaidar wayar, yana iya tafiya, ka kunna waya ka ga Invalid IMEI, sim biyu a ciki ba sabis ko ɗaya. Danna *#06# ka rubuta lambobin a takarda kafin ka miƙa wayar. Kuma ka tabbata ka san imel da fasuwad ɗin Google ɗinka, saboda tun daga Android 5.1 waya in an goge ta sai ta nemi akawun ɗin da ke kanta a da, kuma mutanenmu da yawa yaron shago ne ya buɗe musu imel ranar da suka sayi wayar, ba su ma san me ya rubuta ba. In Tecno ce ko Infinix ko itel kuma tana cikin garanti, Carlcare ne masu hidimarsu, can ya kamata ta fara zuwa.

Ɗana ya ce akwai custom ROM, wai zai iya mayar da ita Android 14.

Hajiya yaron bai yi ƙarya ba, custom ROM Android ce da ba kamfanin wayar ya haɗa ba, akwai irinsu LineageOS da masu sa kai suke haɗawa, kuma wasu wayoyin suna ɗauka. Amma don manhajar ofis ake wannan wahalar ko? To a nan gizo ke saƙar. Kafin a ɗora sai an buɗe makullin wayar, shi kuma Google yana da abin bincike mai suna Play Integrity wanda manhajoji suke tambaya ko an taɓa wayar nan. Wurin aikin da ke amfani da Intune, manhajar Microsoft ta kula da wayoyin ma'aikata, yana iya saita cewa duk wayar da aka yi wa rutin, wato aka buɗe can cikin tsarinta, ko aka canza mata sofwaya kar a bar ta ta shiga, manhajojin banki da yawa ma haka suke. Sai ki samu Android 14 a rubuce, Teams ta hau lafiya, amma wajen shiga a ce ba ki cika sharaɗi ba, ga kuma manhajar bankin ta daina buɗewa. A Samsung abin ya fi muni, akwai tsarin tsaronsu mai suna Knox, da zarar an ɗora sofwayar da ba ta kamfani ba wata alama takan canza a cikin wayar kuma ba ta komawa har abada, Secure Folder ya tafi ke nan ko an mayar da ta asali. Ga shi yawancin ƙananan Tecno da itel ba ma wanda ya zauna ya yi musu ROM mai kyau, sai ki ga kyamara ba ta yi ko kira ba a jin murya. In yaron yana son koyo a ba shi tsohuwar wayar da ba a amfani da ita ya yi ta gwaji, abu ne mai kyau ya iya, amma ba a kan wadda albashinki ke shigowa ba.

Abokin aikina ya turo min manhajar ta Xender, in saka?

Yawanci ba za ta hau ba, za ta ce App not installed ko ta ce ta kasa karanta fayil ɗin, domin sharaɗin Android ɗin a cikin fayil ɗin yake ba a Play Store kaɗai ba. In kuma tsohon nau'i aka samo maka daga wani shafi, yana iya hawa amma wajen shiga a ce ya tsufa. Kuma ni dai ba zan rubuta fasuwad ɗin wurin aiki a manhajar da ban san hannun da ta bi ba.

Na ga wasu manhajoji a Play Store masu suna kamar System Update ko Upgrade Android, suna yi?

Ba sa yi, ko ɗaya. Talla za su cika maka waya da ita, wasu ma su nemi katin banki. A 2019 an bankaɗo wata mai suna Updates for Samsung da mutum sama da miliyan 10 suka sauke, ba ta da alaƙa da Samsung, tana karɓar kuɗi a kan abin da kyauta ne, daga baya aka cire ta. Goge su.

Afdet zai goge min hotuna da lambobi?

Na cikin Settings ba ya gogewa. Filashin yana gogewa, sai dai a Samsung in mai gyara ya zaɓi fayil ɗin HOME_CSC maimakon CSC. Duk da haka kwafe hotuna zuwa memori ko kwamfuta, a yi wa WhatsApp ajiya a Google Drive. Abin da aka fi mantawa shi ne Authenticator, wannan da ke ba da lambar shiga akawun ɗin ofis, in aka goge waya ba a shirya ba sai ka je wurin mai kula da kwamfutocin ofis ya sake buɗe maka. Manhajojin banki su ma za su ɗauka sabuwar waya ce, don haka layin da OTP ke shigowa ya zama yana hannunka.

Data nawa zai ci? In sabis ya yanke a tsakiya fa?

Facin tsaro bai cika wuce 'yan ɗaruruwan MB ba, amma tsallakawa daga Android ɗaya zuwa wata yana iya cin GB biyu ko fiye, za ta nuna maka girman kafin ka fara. In ofishinku ne ya ce a saka manhajar to a wayfay ɗin ofis za ka yi, ba kunya a ciki. In babu, sayi datar dare. Yankewar sabis lokacin saukewa ba komai, za ta ci gaba daga baya. Mutuwar batir lokacin da take girkawa shi ne abin tsoro, musamman wayar da batirinta ya kumbura ko yake faɗowa daga 40 zuwa sifili, irin wannan a jona ta da fawa banki kar a dogara da wutar gari.

Na yi afdet yanzu wayar tana zafi, caji ba ya daɗewa.

Ba ta kwana biyu zuwa uku, tana sake tsara manhajojin ne a bayan fage. Shiga Play Store ka sabunta su duka. In bayan sati abin bai sauya ba sannan a yi maganar gogewa a fara daga farko. Komawa tsohuwar kuma ba kasafai ake iyawa ba, Samsung ma sau da yawa ba ta yarda a sauko.

Tawa Android 13 ce amma manhajar sai ta yi ta maƙalewa, in ana mitin na bidiyo ma fita take yi.

Duba ko Go edition ce. Google ya fito da ita tun zamanin Android 8 saboda wayoyi masu ƙaramin RAM, kuma irin su Teams masu nauyi ne, RAM 2GB ba ya isarsu sakewa. Kar kuma rubutun kwali ya ruɗe ka, in ka ga an sa 4+4 to huɗun farko ne na gaske, ɗayan aro ne daga sitorej kuma bai kai na asalin sauri ba. Ba afdet ɗin da ke ƙara RAM. Rage manhajoji, bar sarari a sitorej, kashe kyamararka lokacin mitin ka bar murya kawai, haka za ka lallaɓa.

Mu masu iPhone fa?

Naku ya fi sauƙin ganewa tunda Apple ne kaɗai mai turowa, Settings, General, Software Update. iPhone 6s da 7 sun tsaya a iOS 15, 8 da X a iOS 16, XR da XS a iOS 18, iOS 26 da ta fito 2025 kuma daga iPhone 11 ta fara. Duk wanda ya ce zai ɗora maka wadda ta wuce iyakar wayarka kuɗinka yake so.

Landan yus na saya, ba ta taɓa kawo afdet ba.

Wasu wayoyin Amurka na kamfanonin layi ne irin su AT&T da Verizon, kuma akwai waɗanda ba sa karɓar afdet sai da layin can. Irin wannan mai gyara da ya san aikinsa yana iya ɗora mata sabon fayil na kamfani da hannu, a nan kam filashin ya yi rana. Wasu kuma na kasuwar cikin Chana ne, Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ma ba sa zuwa da Play Store sam. Shiga Play Store, Settings, About, can ƙasa ka ga ko an rubuta Device is certified. In ba haka aka rubuta ba, manhajar ofis za ta yi ta ba ka wahala ko Android nawa ce.

In na saka, Oga zai riƙa ganin hotunana da hirar WhatsApp ɗina?

In manhajar kawai ka sauke ka shiga da imel ɗin ofis, a'a. In an sa ka buɗe Work profile, wanda za ka ga manhajojin aiki da 'yar alamar jaka a jikinsu, shi ma an raba ne, ofis yana iko da ɓangaren aiki, yana iya goge shi ranar da ka bar aiki, yana iya tilasta maka sa makulli a sikirin, yana ganin samfurin wayar da lambar Android ɗinta, amma ba ya shiga hotunanka da saƙonninka. Wayar da ofis ya saya ya saita da kansa ita kam dokarta daban, ka ɗauka komai a buɗe yake. Abin da nake ja wa mutane kunne a kai shi ne abin da suke rubutawa a cikin manhajar, ko saƙon tsakaninka da mutum ɗaya ne a rumbun kamfani yake zaune kuma masu kula suna da hanyar ciro shi in an buƙata. Gulmar shugaban sashe a bar ta sai an haɗu wajen mai shayi.

Mu a da Workplace na Facebook muke yi, yanzu na neme ta ban gani ba.

Ba laifin wayarka ba ne. An buɗe ta 2016, a Mayun 2024 Meta ta sanar za ta rufe, aka daina aiki da ita ƙarshen Agustan 2025, kuma Workvivo na kamfanin Zoom ta nuna wa mutane su koma. Haka wanda ke neman Yammer, Microsoft ta saye ta tun 2012, a 2023 ta koma Viva Engage. Tambayi ofis wacce aka koma kafin ka taɓa wayar.

To wayar ta tsaya, ba afdet, ba kuɗin sabuwa. Ya zan yi?

Gwada ta Chrome tukuna, wasu suna buɗewa a burauza, wasu sai ka danna Desktop site, rubutun zai yi ƙanana kuma sanarwa ba lallai ta riƙa shigowa ba amma za ka karanta abin da aka rubuta. In kana da kwamfuta a tebur yi amfani da ita, ka kunna sanarwar imel. Sannan ka faɗa wa ofis a rubuce, da sunan wayar da lambar Android ɗinta. A ganina wurin aikin da ya wajabta manhaja shi ya kamata ya duba irin wayoyin da ke hannun masinja da direba da mai gadi kafin ya zaɓa, in kuma ya riga ya zaɓa to ya taimaka, ko bashin waya a riƙa cira a albashi kaɗan-kaɗan, ko ta hanyar kofaretib ɗin ma'aikata. In kun kai ku goma masu matsala ɗaya ku rubuta tare, an fi saurin dubawa.

In zan sayi wata, me zan duba?

Kunna ta a shagon ka shiga About phone da idonka, kar ka tsaya a kan abin da yaron shago ya faɗa. Android ɗin ta zama ta bana ko ta bara, RAM na gaske aƙalla 4GB, sitorej 128GB in aljihu ya yarda, kar ta zama Go edition, kuma ka bincika shekara nawa kamfanin ya yi alƙawarin afdet ga wannan samfurin, ba ga kamfanin gaba ɗaya ba. In ta hannu ce, a cire akawun ɗin Google ko iCloud na mai ita a gabanka, ka sa naka, ka sauke manhajar ofis ɗin ka shiga a nan tsaye kafin ka tura kuɗin.